Shekarar da Mata Suka Auna Ɗakunansu

An ce na sayar da lambobin wayar matan unguwarmu ga mazan Kano. Har yau akwai gidajen da ake faɗar haka a Haɗeja, kuma na san wasunku sun ji a gidan biki sun dawo sun yi shiru don kada raina ya ɓaci. Raina ya ɓaci tun a lokacin, bai jira ku ba. Ban sayar da lambar kowa ba. Ba kuma zan bar duniya magana tana yawo da sunan uwarku ba ku ji ta daga bakina ba, don haka ga yadda aka yi.

Kun san mahaifinku Malam Buba kafinta ne, rufin kwano shi ne sana'arsa, kuma da ya rasu yayanku Sabo ya gaji rumfar da ke bakin kasuwa. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba shi ne, sai da na fita takaba na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito mini. An yi mini dariya. Wata ta ce me tsohuwa za ta karanta in ban da sunanta a katin asibiti. Na ce ko shi kaɗai ne ya ishe ni, don na gaji da miƙa wa jikoki takarda ina jiran su gama wasa. Na koyi karatu, na koyi lissafi, na koyi taɓa waya da kaina, har ta kai in malamar ajin ba ta nan ni take bar wa mata. Da haka na zama wadda ake kawo wa waya a unguwa a ce, Inna Kulu, duba mini me aka rubuto.

Sai shekarar nan ta zo da kogi ya ƙi tsayawa inda ya saba. Ya cinye shinkafar fadama tana gab da nuna, ya hau tudu, ya shigo mana har tsakar gida. Da ruwa ya janye, wani ɗakin rufin ƙasarsa ya rufta, wani an tayar da bangonsa da sabuwar laka amma samansa tamfol ne da duwatsu. Kowa yana bukatar rufi kafin wata daminar. Maza kuwa hannunsu ba komai, domin abin da suke taƙama da shi ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa. Mata ne ke da ɗan abin hannu: mai awakin da aka kai wa 'yan'uwa a tudu, mai turara shinkafar da take sarowa daga Kafin Hausa, mai zubin adashi.

A nan nake so ku gane wani abu, musamman ku maza. Macen garin nan ba ta tambayar farashin babban abu a fili. Kafinta ba ya shiga cikin gida ya auna ɗaki sai da maigida, to da zarar maigida ya ji matarsa tana tambayar kuɗin kwano, ya san akwai abin da ta ajiye. Shi ko bai taɓa ba, zai faɗa wa ƙaninsa, ƙanin zai faɗa wa matarsa, kafin Juma'a an zo da labarin yaro ba lafiya, ko babur ya lalace, ko ga taki ana sayarwa da rahusa kada a bari ya wuce. Ba mugunta ba ce, kowa a matse yake, kuma ba ka iya kallon idon ɗan'uwa ka ce babu alhali ya san akwai. Shi ya sa mace take yin shiru har sai kwano ya sauka a ƙofar gida, don ba mai aron bandir ɗin kwano ya kai kemis. Matsalar ɗaya ce, ba ta san abin da za ta tara ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya.

Ana cikin haka Nura ya zo, ɗan kawunku Ali, wanda yake aiki a wani kamfanin talla a Kano. Sana'arsu ita ce nemo wa masu sana'a masu saye ta intanet. Ya zauna a bakin tabarmata ya miƙo mini wayarsa.

"Gwaggo, kalli nan. Kalkuleta ce ta rufi. Mutum ya sa tsawon ɗakinsa da faɗinsa, ya zaɓi irin kwanon da yake so, ya sa sunansa da lambarsa, sai ta gaya masa bandir nawa, katako nawa, ƙusa nawa, har da kuɗin aiki."

"Ba kafinta?"

"Ba kafinta."

"Ba maigida?"

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ke dai kullum sai kin sako maza a magana."

"Ni na sako su? Su suka tsaya a ƙofa. Lambar fa, ta mece ce?"

"Don a turo wa mutum amsar ya ajiye, kuma kafintocin da muke wa aiki su san da shi. Har Yaya Sabo zan sa a ciki."

Da na ji sunan Sabo sai hankalina ya kwanta. Na san ɗana, ba ya kiran matar wani, in yana da magana da mace ni zai aiko. Nura ya sa mini data, ya ce in nuna wa mutane. Wannan datar ita ce duk abin da ya taɓa shiga hannuna daga kamfaninsu, kuma a kan matan unguwa ta ƙare.

Mata ba su da tef ɗin awo, amma kowace mace ta san zaninta yadi biyu ne. Na ce kowa ta koma ta shimfiɗa zani a gindin bango, ta ɗaga ta sake shimfiɗawa har kusurwa, ta riƙe adadin a kanta ta zo mu mayar da shi ƙafa. Ban taɓa ganin ajinmu ya cika kamar a makonnin nan ba. Matan da suka daina zuwa tun haihuwar bara suka dawo da goyo. Ana dariya, ana gardama, wata ta rantse ɗakinta ya fi na maƙwabciyarta, aka auna aka ga zaninta ne ya ƙanƙance da wanki. Wata ta ga amsarta ta yi salati ta ce ita da kwano sai a aljanna, aka ce to ki fara tara ƙusa. Amma har ita ta tafi da sauƙi a fuskarta, domin yau ta san nisan tafiyar. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu ina jin lissafin da aka yi mini dariya a kansa yana amfanar unguwa guda.

Cikinsu akwai Zuwaira, matar Malam Idi na bayan masallaci, manomin shinkafa ne, in ruwa ya ja yana kamun kifi. Ɗakinta na cikin masu tamfol, ita da yaranta suna kwana suna kallon inda iska ta yaga. Ba ta da surutu. Ta jira kowa ya watse sannan ta miƙo mini wayarta, muka sa awon. Da amsar ta fito sai ta kama bakinta.

"Inna, ashe na kusa."

"Kin kusa?"

"Kwasar adashina, da akuyar nan in ta ƙara jiki."

"To, ja bakinki ki rufe."

"Ko Malam ba zai ji ba sai ya ga an sauke a ƙofa," in ji ta, tana murmushi kamar amarya.

Ba a yi nisa ba wayoyi suka fara ƙara a gidajen mutane. Ashe ba Sabo kaɗai ba ne. Kamfanin yana raba kowace lamba ga kafintoci da masu sayar da kwano da yawa, na Kano da na wasu garuruwa, kuma kowa yana gaggawar ya riga ɗan'uwansa kira. Wasu matan suka kashe wayoyinsu, wasu suka ce kuskuren lamba ne, abin ya wuce. Na Zuwaira bai wuce ba. An kira ta Malam Idi yana cin tuwo a tsakar gida, ta katse. Aka sake kira da wata lambar, ta katse. A na gaba shi ya ɗauka, ya ji muryar namiji yana cewa Zuwaira yake nema, ita ta ba su lambarta. Kafin ya tambayi ko wane ne, layi ya yanke. Ya duba wayar ya ga baƙin lambobi jere. Sai ya yi mata tambayar da ba a yi wa matar da ta haifa maka 'ya'ya. Ita kuma ta ƙi amsawa. Da ta ce kwano ne, da asirin adashinta ya tonu, amma ba wannan ne kaɗai ya rufe mata baki ba, tambayar ce ta ƙona ta. Ta ɗaura goyo ta tafi gidan iyayenta a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Mahaifinta ya aiko cewa 'yarsa ba za ta koma gidan da ake zarginta ba, in Malam Idi ya gaji ya aiko da takarda. Auren da ya tsira daga ambaliya sai ga shi zai mutu a kan kiran waya.

Daga nan maganar ta juyo kaina. Ajin ya bushe. Matan da jiya suke kawo mini waya yau in na shiga gidan suna sai a sauya hira. Na kira Nura na ce ya zo gida, ba gobe ba. Ya zo, muka zauna da shi da Sabo, ƙanwarsa Jummai tana bakin murhu tana jin mu.

"Gwaggo, wallahi ban san zai kai haka ba," in ji Nura. "Amma ki duba, kalkuletar nan kyauta ce ga mai aunawa. Wa kike zaton yake biyan kuɗinta? Kafintocin ne, kuma lambar suke biya wa. A ko'ina haka ake yi. Wanda ya tambayi farashi, ai yana son a neme shi."

"A ko'ina ina? Ka taɓa jin uwarka ta tambayi farashin wani abu a gaban ubanka?"

Ban jira amsarsa ba, na ɗora.

"Matar da ta auna ɗakinta a nan so take kowa ya manta ta auna, har ranar da ta shirya. Kai kuwa ka ɗauki sunanta ka raba wa ƙarti kamar goron ɗaurin aure."

Sabo ya ce, "Inna, a bi a hankali. Tun rasuwar Baba ban samu aiki kamar na bana ba. Mutanen da nake ɗauka aiki su ma iyali gare su."

Jummai ta ɗago daga murhu ta ce, "Yaya, da matarka aka kira fa?"

"Ke, wa ya sako ki?"

"Tuwon da za ka ci ne ya sako ni."

Na ce wa Nura abu uku nake so. Kalkuletar ta ba da amsa ba tare da ta nemi lambar kowa ba. Wanda yake son a kira shi ya faɗa da kansa bayan ya ga amsar. In kuma mace ce, mace ta kira ta, ba namiji ba, in babu wadda za ta yi ga ni. Ya ce ogansa ba zai yarda ba, lambobi za su ragu, shi kansa aikinsa zai iya tafiya. Na ce na ji, kuma ina tausayinsa, amma daga yau zan bi gida gida in ce wa kowace mace kada ta ƙara taɓa abin nan. Ya tashi ya tafi bai ci abinci ba.

Na kuwa yi abin da na ce, kuma ba a banza na yi shi ba. Aikin Sabo ya ja baya, ya sallami biyu daga cikin ma'aikatansa, ya daɗe yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Kawunku Ali bai zo mini gaisuwar Sallah ba a shekarar, ya ce na nemi raba ɗansa da abincinsa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da maganar gari, don ni na goya Ali. Ina faɗa muku ne don kada ku ɗauka uwarku tana yanke hukunci ta kwana lafiya. Amma ku riƙe wannan ma game da Nura, don shi ma an zalunci sunansa: yaron nan bai yi fushi ya zauna ba. Ya koma ya yi ta fama da ogansa har aka ba shi dama ya gwada irin tawa a nan yankin kaɗai. Lambobin sun ragu kamar yadda ya faɗa, sai dai wadda duk ta ce a kira ta, ta riga ta shirya, ba a ɓata kati a kanta. Shi ya gano yadda zai nuna musu wannan, ba ni ba. Haka na zama muryar da take kiran mata daga nan har Birniwa, aikin da kuka taso kuka same ni ina yi. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar da Nura ya fita bai ci abinci ba, ba ni da komai a hannu, kuma Zuwaira tana ƙauye ana jiran takarda.

Bayan la'asar na yafa mayafina na tafi gidan Malam Idi. Na same shi a zaure yana gyaran tarunsa, ya rame. Ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya amsa sallama da ƙyar.

"Inna, in maganar nan ce, a bar ta."

"Ban zo roƙonka ba. Miƙo wayarka."

"Wayata?"

"Ko ita ma tsoron maza take?"

Ya miƙo. Na buɗe masa kalkuletar, na ce ya faɗi awon zauren nan yadda ya ga dama, ya faɗa. Na ce ya sa sunansa da lambarsa da hannunsa, ya sa. Na ajiye wayar a tsakaninmu a kan tabarma, na fasa goro na fara ci. Ban gama ɓarin ba ta yi ƙara. Wani ne daga Kano, yana ranka ya daɗe, an ce kana son rufi, muna da mai kauri. Malam Idi ya ce ba yanzu ba. Ya ajiye ke nan wani ya kira. Ya kalle ni, na ci gaba da cin gorona. A kira na gaba Allah ya taimake ni da abin da ban shirya ba, domin wani kamfanin ashe yarinya ce take yi musu kira. Na ce ya buɗe muryar mu ji. Sai ga wata siririyar murya ta cika zauren, tana cewa Alhaji Idi, ina wuni, kai ka ba mu lambarka, yaushe za mu zo mu ganka?

Ya katse da sauri kamar wayar ta ƙona shi.

Na ce, "To, Alhaji Idi. Wace ce wannan?"

"Inna, ai kina nan aka yi."

"Ni ban ga komai ba. Na dai ji budurwa ta san sunanka, ta ce kai ka ba ta lamba, tana tambayar yaushe za ta zo. Ka yi mini bayani."

Ya ɗan yi dariyar yaƙe. Ya ture tarun gefe. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ashe Zuwaira rufi take nema."

"Rufi take nema."

"Ni ya kamata in rufa mata ɗakin nan, Inna. Kullum in na shiga na ga tamfol ɗin sai in ji kamar in nutse. Yanzu kuma a ce mace ce ta rufa wa Idi gida? Da wane ido zan zauna a majalisa?"

A nan na gane zargin ba shi ne babban ciwonsa ba. Mutumin da ruwa ya cinye wa noman shekara yana neman inda zai sauke kunyarsa, sai ta faɗa a kan wadda ta fi kusa. Na tausaya masa, amma ban sassauta ba.

"Majalisa ce za ta kwana a ɗakin in ruwa ya sauko? 'Ya'yanka ne a ciki. Kogi ne ya ci shinkafarka, kowa ya gani, ba wanda zai ce ragwanci ne. Ita ta kawo kwano, kai ka hau ka riƙe wa kafinta katako, ɗaki ya rufu. Sannan ka ji ni da kyau, maganar abin da ta tara ta tsaya a zauren nan. In na ji ƙaninka ya zo da labarin babur, ni da kai ne."

"Ba zai ji ba."

"Kuma ka yi mata tambayar da sai ka je gaban ubanta ka janye ta da bakinka."

Ya ce mahaifinta mutum ne mai zafi, ba lallai ya saurare shi ba. Na ce shi ya sa ba shi kaɗai zai je ba. Ni na sa lambar Zuwaira da yatsana a gabanta, don haka ni zan tsaya a gaban tsohon in gaya masa abin da ya sa waya ta yi ƙara, in ya so ya zage mu tare.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗaura zanina mai kyau, na ce wa Jummai kada a jira ni da abincin rana, na nufi tasha. Na zaci zan jira shi. Sai na tarar da Malam Idi ya riga ni, yana tsaye jikin motar Kafin Hausa da babbar rigarsa ta Juma'a, ƙullin goro a hannunsa, ya kama mini kujerar gaba. Na shiga, shi ya zauna a bayana. Mota ta tashi, muka fita gari, fadama ta buɗe hagu da dama, an fara gyaran kwamin shinkafar rani. Can sai na ji ya matso da kansa kusa da kafaɗata.

"Inna, wai bandir nawa aka ce ɗakin zai ci?"

Ban juya ba. Na ce, "In mun isa ka tambaye ta. Ita ta auna."